Ku Maido Mini da Daɓen Inna

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Ƙawata Ɗaki ta Ɗalibai,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da sauran alƙalan gasa. Ni ce Hadiza daga Nasarawa Burkullu, ɗalibar zanen gini da ta kawo muku guntun daɓe a gasar bara. Ban ci ba, kuma ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Na ɗaya, takardarku ta ce kuna son shimfiɗar ƙasan ɗaki ta dutse, mai ƙarko, wadda ba ta ɓata muhalli, kuma kowa ya haɗo da samfur na gaske, ba hoto ba. Ni kuwa abin da na tashi na gani ke nan: tsakuwa da ƙasa da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, mata su taru da madaɓi su yi ta bugu har ya yi santsi. Sau biyu ina gwada yin sabo yana tsagewa, hannuna bai iya ba. Sai na shiga ɗakin Inna, mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Daɓenta na ƙarshe ne. Na yanko kamar faɗin faifai, daidai inda ta jera fasassun tangaran da hannunta, don nan ya fi kyau. Baba yana tsaye bakin ƙofa. Na ce masa aro ne, za a maido.

Na biyu, alƙalai sun ce ba aikin masana'anta ba ne, ba a ma sa shi a layi ba. Kyautar ta tafi ga allunan niƙaƙƙen dutse masu sheƙi. Gaskiya sun yi kyau, ban yi musu ba.

Na uku, sau uku ina zuwa ofishinku neman guntun daɓena. Yau mai makulli ya fita, gobe sakatare ya yi tafiya. Zuwan ƙarshe masinja ya ce ya taɓa ganin an tokare ƙofar ɗakin taro da shi. Na je na duba, bulo ne a wurin. Na daɗe ina kallon bulon, ban ji komai ba. Na hau mota zuwa Bukkuyum, na ƙarasa gida a kan babur.

Ramin da na bari a ɗakin Inna yana nan, an rufe shi da tabarma. Kowa a gidan ya san inda zai tsallake.

Roƙona, Ranka ya daɗe, a sa wani ya duba sito da bayan ɗakin taro. Ko ya fashe ina so, zan zo da kaina in tsince. In kuma an zubar, a rubuto mini layi ɗaya a ce an zubar. Baba ya tanadi siminti tun kaka, ya ƙi cike ramin. Ba ya tambayata, sai dai duk sanda na dawo ya kalli jakata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.

Wassalam,
Hadiza, ɗiyar mai daɓen