Gudumar Kwazazzabon Salja

Bismillahi. Ni Maulidi ɗan Tahar, tsohon mai duba layin dogo na Metlawi, na rubuta muku wannan wasiyya, 'ya'yana, da hankalina garau. Gwiwa ce kawai ta yi mini tawaye.

Na gode wa Allah da ya ajiye abincina a kan layin nan. Faransawa suka shimfiɗa shi don kwasar ma'adinin fosfat, kakanku na cikin masu fasa dutsen. Jajayen taragun kuwa na Sarkin Tunis ne a da. Yau baƙi ke hawansu, su ratsa ramukan dutse da gadoji har cikin kwazazzabon Salja suna ɗaukar hoto. Ni a ƙasa na taka hanyar nan har takalmana suka san ta.

Na ɗaya. Gida da dabinon bayansa a raba yadda shari'a ta ce. Butar shayina ta Zuhra ce, ita kaɗai ta iya shayi a cikinku.

Na biyu. Lazhar, kai ke tuƙa jirgin nan, Jan Ƙadangare, ka riƙe usur ɗina. In ka zo gadar farko ka busa. A nan mahaifiyarku ke tare ni da burodi da yajin harisa, tana cewa, "Ci, mijin ƙarfe, kafin akuya ta riga ka." Allah ya jiƙanta.

Na uku, shi ne ke hana ni barci. Tun ranar da ɗan'uwanka Shadli ya zauna a kan layin tare da samari masu zanga-zangar neman aiki, kai kuma Lazhar ka tsaya da jirgi cike da baƙi, ba ku ƙara gaisawa ba. Ka ce ya kunyata ka. Ni abin da na gani daban ne. Kowa ya tashi da jin ƙugin jirgi, Shadli bai motsa ba, don ya san hannun wa ke kan birki.

Al'adarmu, in ruwa ya sauka a kwazazzabo, mutum ɗaya kan shiga gaba da guduma yana ƙwanƙwasa ƙarfen layin don jin lafiyarsa, direba na binsa a hankali. Gudumata ta Shadli ce. Ruwan farko bayan raina, Shadli ka shiga gaba, Lazhar ka bi shi, idonka a bayan ƙaninka.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Kada ku bari ruwan nan ya wuce ku.