Na faɗa wa likita kai ka fara ba Sani ƙwaya

Zuwa ga maigidana Malam, marigayi. Gaisuwa da fatan kana cikin rahama.

Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, ka yi haƙuri da shi.

Ɗanmu Sani na da ƙanjamau. Ba ni ɓoye ma, kuma ba shi ne abin da ya sa ni rubutu ba. Ana ba shi magani kyauta a asibiti a Jega, ni ke raka shi duk wata. Sai dai maganin bai kama jikinai ba, don ranar da ya sha ƙwaya mance shi yake.

Wancan zuwa, wata likita ta zaunar da mu. Ba ta yi faɗa ba. Tambaya take kamar mai sayen gero: me kake sha, guda nawa a yini, tun yaushe, wa ya fara ba ka. Sani ya duƙar da kai, ya ce abokai ne a tasha, kuma bai daɗe da farawa ba.

Malam, ni da kai mun san ƙarya ce. Shekarar da anka cire mu daga jihar Sakkwato anka ba mu tamu, kana ban-ruwan albasa a fadamar Aliero, yaro na gaza ɗaukar guga. Kai ka sa mishi rabin ƙwaya cikin koko. Ina tsaye. Ka ce maganin gajiya ne, duk manoma na sha. Ban hana ba.

Sai na buɗe baki na faɗi, da sunanka, da shekarun. Likita ta ce in haka ne ba a yanke mishi rana guda, sai a hankali. Sunka shirya ya rage, ya dawo bayan sati biyu.

Tun a mota bai ƙara ce mani uffan ba. Ya aiko matatai ta ce na tona asirin mamaci. Tuwona ma komowa yake da murfinai.

Alhamis ce ranar komawa. Ban sani ba ko za shi.

Shekara talatin ban kai ƙararka wurin kowa ba, ka sani. Kai dai an riga an rufe ka, shi ko da sauran numfashi. In da haushi, ka aje shi har in iso.

Allah ya gafarta mana ni da kai, ya ɗaga ƙafar yaron ga zuwa asibiti ranar Alhamis.

Matarka, Hajo.