Motar da ke Bayan Kabad

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Allah ya tsare ka, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Ƙanwarka ta ƙara ƙiba, amma ta ce in gaya maka ramewa ta yi. Na isar da saƙo, alhakin ƙaryar yana wuyanta. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a makaranta ba. Da gangan na ƙi kiranka a waya, domin duk ranar da na kama maganar gida sai layinka ya kamu da ciwo. Takarda kuwa ba ta katsewa.

Saƙonka ya iso, cewa a kwashe kayan ɗakin marigayiya matarka, a yi fenti, a sa ɗan haya. Mai fenti ya zo har da bokitinsa. Amma kafin in gaya maka abin da ya hana shi aiki, sai ka saurari labarin yadda uwarka ta zama malamar zane da tsufanta.

Malamar su Bahaguwa, 'yarka, ta ba su aikin gida, wai kowa ya zano mota irin ta katun, mai ido da baki. Yaran ƙanwarka biyu suka zo suka tasa ni gaba da kuka, ita Bahaguwa tana bayansu shiru kamar kullum. Na ce musu su kwantar da hankali, kakarsu ta taɓa zana motar da har ta tashi ta bar takarda, shi ya sa ba ni da shaida. Muka baje a tsakar gida. Na ba kowa murfin kwalba ya zagaye shi sau biyu, ga tayoyi. A ɗora dogon akwati a kansu, a ɗora ƙarami a sama, a sa manyan idanu a gilashin gaba, baki kuma ƙasa da fitilu. Tawa ta fito kamar kunkuru mai ciwon haƙori. Ƙaramin ɗan ƙanwarka, wannan mijin nawa marar ko sisi, ya ce in dai wannan ce motar da zan kai shi kasuwa da ita, ya sake ni. Na ce masa dama na gaji da auren mai majina.

Ana cikin dariya na waiwaya wajen Bahaguwa, sai na matsa kusa da takardarta. Ba ta taɓa murfin kwalbar ba. Daga hayaƙin salansa ta fara, ta nannaɗe shi kamar gashin tunkiya, sannan ta ja bayan motar, ta yi gaba. Motocinmu duk hagu suka nufa, tata ta nufi dama. Ido ɗaya buɗe, ɗaya a kanne. A saman rufin ta dasa wata 'yar fure da ta karkace kamar iska na kaɗa ta. Dogo, ka san wannan motar. Mace ɗaya na taɓa gani tana fara mota daga hayaƙi, wato matarka, kuma mun raka ta makwancinta tun yarinyar nan ba a yaye ta ba. Da Bahaguwa ta gama, sai ta ƙwanƙwasa takardar da bayan fensir, ta ce wa motar to, a sauka lafiya. Da muryar yara ta faɗa, amma ni ba muryar yara na ji ba. Haka uwarta take yi in ta gama zane.

Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce Mama. Na ce wace Mamar, ko ƙanwar babanta take nufi? Ta dube ni kamar ni ce yarinyar, ta ce a'a, Mamanta ta cikin ɗaki. Ka san ni da baki, na sha razana ku da labarin dodon rijiya har kuna fitsari a kwance. Ran nan dai mai ba da tsoro ita ta ji tsoro. Na yi kwanaki ina wuce ƙofar ɗakin nan da sauri, ina addu'a a zuci, ban gaya wa kowa ba don kada ƙanwarka ta ce tsufa ya fara taɓa ni.

Ranar da mai fenti ya zo, shi ya ja babban kabad ɗin kayan nan daga jikin bango. Kabad ɗin da ka tura kai kaɗai ana gobe za ka tafi, kana haki, na ce ka bari a taya ka, ka daka mini tsawar da ba ka taɓa yi mini ba. A lokacin na ɗauka zafin rashi ne kawai. To ga abin da ke bayansa: motar, can ƙasa daidai tsayin mai rarrafe, inda marigayiya ta zauna da tsohon ciki ta zana wa abin da za ta haifa. Kalar ta ɗan kwanta, amma komai na nan. A ƙasa ƙura ta share, akwai sawun gwiwoyi ƙanana da bawon alewa. Ashe Bahaguwa ta daɗe tana kutsawa ta ɗan tsakanin nan, tana bin zanen da yatsa a cikin duhu. Ta ɓangaren da take shiga, hayaƙin ne yake fara tarar hannunta. Na sauke ajiyar zuciya, na ce ashe ba aljanu ba ne. Sai daga baya na tuna cewa bango ba ya ƙwanƙwasa takarda, kuma ba ya cewa a sauka lafiya. Wannan ban san inda ta samo shi ba, kuma na daina tambaya.

Abu ɗaya ne ya ɓace a bangon. Na tuna sarai akwai direba a tagar motar, mai dogon wuya da kunnuwa kamar faranti, har muka yi ta yi maka tsiya. Yanzu wurin ya dusashe, an murje shi da yatsa mai jiƙe, babban yatsa irin na namiji. Na gane ka fara gogewa, ka fara da kanka, da ka zo kan abin da ya rage hannunka ya ƙi. Ruwa da sabulu suna nan a gidan ran nan, Dogo. Kabad ka ɗauko.

Shi ya sa duk motar da 'yarka ta zana tagarta a wofi take. Malamarsu ta tambaye ta ina direba, ta ce bai zo ba tukuna. Na ɗauko mata hotonka na bango, ta ture shi, ta ce wannan gaba yake kallo, direba kuwa ta gefe ake ganinsa. Ta ce in faɗa mata yadda hancinka yake ta gefe. Na buɗe baki in yi mata wasa, in ce kamar lauje, sai na ga ni ma da na haife ka na fara laluben amsar. Na san abin da ya hana ka zuwa. Fuskar uwarta ce da ita, har yadda take cije leɓe in tana zane. Amma yarinyar ba ita ta zaɓi fuskar ba, kuma ta kusa kai shekarun da yaro ke daina barin wa mutum wuri.

Mai fenti na fara ce masa bangon da danshi. Ya dawo, na ce makulli ya ɓace. Ya sake dawowa, na ce na yi mummunan mafarki da farin fenti. Mutumin kirki ne, ya ce Iya, ko dai ƙaryar ta ƙare, in je in dawo in kin samo sabuwa? To ta ƙare, kuma ba zan nemo wata ba. Na ce masa mai ɗakin ne kaɗai zai shafe wannan bango. In ka ga lallai sai an shafe, ɗakinka ne, ka zo ka riƙe burushin da hannunka, ba zan ce uffan ba. Amma kafin nan za ka zauna a kujerar bakin ƙofa, ka juya gefe, ka yi shiru har sai ta gama zana ka.

Ƙanwarka da mijinta suna gaishe ka, haka kawunka da yaran duka. Ka gaishe mini da maƙwabcinka da ya yi jinyarka bara, Allah ya saka masa. Na ce wa Bahaguwa me zan gaya maka, ta ce ba komai, sai dai ta fere fensirinta ta ajiye, kuma ta hana kowa taɓawa.

Allah ya yi maka albarka, ya kawo ka lafiya.

Ni ce mahaifiyarka.