Tokar Baba da 'Yan Kwal

San Evaristo, 8 ga Afrilu, 1996

Yaya Nicanor,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Amparo da yara, ya kuma sanyin Chicago? Ni dai lafiyar jiki kawai gare ni.

An ci mu bakwai da nema, Yaya! A gidanmu, a kan idona. Ƙwallo ta huɗu ta tsakanin ƙafafun golanmu ta wuce, ya juya yana kallonta kamar mai rakiyar baƙo. 'Yan baya kuwa, da kajin maƙwabta muka zuba da sun fi su tare hanya.

Duk wannan ina zaune da Baba a cinyata. Ka san wasiyyarsa: a ƙona gawarsa, a zuba tokar a filin ƙungiyarmu, 'Yan Kwal, ranar da suka ci wasa a gida. Wata bakwai ke nan ina ɗaukarsa a gwangwanin kofi, in naɗe da mayafi, in kai shi bencinsa na gabas, in dawo da shi. Sau goma sha ɗaya! Ka tuna yadda muke yi in ƙwallo ta shiga raga, kowa ya wurga abin da ke hannunsa sama, giya, hula, ɓawon gyaɗa? Tun Janairu ba wanda rigarsa ta jiƙe. Don Fermín, abokin zaman Baba, ya leƙo ya ce, "Lala, juya gwangwanin nan baya, kada mutumin ya sake mutuwa."

Ga babbar maganar: mai ƙungiyar ya sayar da ita. Kakar wasa na ƙarewa za a kwashe ta zuwa wani gari a bakin teku, a sauya mata suna. Wasa ɗaya ya rage mana a gida. Na gaji, Yaya, raina a ɓace yake.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Eulalia

Chicago, 19 ga Afrilu, 1996

Ƙanwata Eulalia,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta same mu lafiya.

Ki yi haƙuri in faɗa miki gaskiya. Ƙungiyar nan ta mutu tun ranar da aka rufe ramin kwal, jana'izarta ce kawai aka jinkirta. Baba ya yi maganar nan ne cikin zafin ciwo. Akwai gurbin ajiye toka a bangon coci kusa da na Mama, ki kai shi can ya huta. In kin ƙi, ki roƙi maigadin filin ya buɗe miki ranar da babu wasa, ki zuba shi a ciyawa. Wa zai sani? Kin shekara arba'in da biyar, bai dace ki riƙa yawo da mahaifinmu a gwangwani ba.

Allah ya ba ki haƙuri.
Yayanki, Nicanor

San Evaristo, 29 ga Afrilu, 1996

Yaya,

Ina gaisuwa, don Mama ta koya mini gaisuwa ko ina fushi.

Wa zai sani? Ni zan sani! Zafin ciwo, in ji ka. Kana can kana shafa fenti a gidajen mutane lokacin da ya riƙe hannuna ya sa na maimaita sau uku: "Ranar da muka ci, Lala. Ba na son in tafi ana cinmu." Shekara arba'in yana fitowa daga rami, baƙi ƙirin, ya wuce filin nan ko wanka bai yi ba. Shi ne zan zubar da shi ranar Talata kamar shara?

Jiya na je wajen atisaye. Kocin ya ce, "Baiwar Allah, muna iya ƙoƙarinmu." Na ɗora masa gwangwanin a kan benci na ce, "Ba ni za ka gaya wa ba, ga shi nan, gaya masa." Yaran duk suka sunkuyar da kai, golan har da hawaye. Na ce masa ya adana su, hannu nake nema.

Wasan ranar Lahadi ne na ƙarshe. Zan sassauta murfin tun daga gida, don in mun ci in tsallake shinge in zuba kafin 'yan sanda su riƙe ni. In an cinye mu, ka yi nasara, zan kai shi coci. Amma ba zan yafe musu ba, kai ma sai na yi tunani.

Sai ka ji ni.
Eulalia

San Evaristo, 6 ga Mayu, 1996

Yaya Nicanor,

Gaisuwa. An cinye mu huɗu da ɗaya.

Amma mu muka fara ci. Minti na ashirin, bugun kwana, wani yaro ya sa mata kai. Ban san lokacin da na miƙe ba. Kowa ya wurga abin da ke hannunsa, ni ma na wurga nawa. Murfin ya yi nasa wuri, Baba ya tashi sama tare da giya da huluna, ya sauko a kan bencin gabas gaba ɗaya. Don Fermín ya tsaya fari fat, yana kuka yana ihu, "Ya gani! Tsohon banza, ya gani!"

Minti tara muna gaba, Yaya, kafin su farke. A cikin minti taran nan ya tafi.

Ka bar wa kanka gurbin cocin.

Ƙanwarka, Lala