Man da Gimbiya Ta Sha

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Maman yara da yara duka. Na kira wayarka har na gaji, ba ka ɗagawa, shi ya sa na koma wa takarda.

Yaya, wata buƙata ce ta taso a wurin aiki. Kamfani zai sayi sababbin a-kori-kura guda biyu don kai bututu da janareto wuraren haƙar rijiyoyin burtsatse. A matsayina na mai kula da motoci, Manaja ya ce in rubuto masa rahoto kan iri uku da dillalai suka kawo, waɗanda ku direbobi kuke kira Kurege, Ɗan-Dako da Gimbiya. Yana son sanin wacce ta fi sauƙin shan mai, wacce ta fi juriya, wacce kuma jikinta ya fi ƙwari. Takardun dillalai kowa tasa yake yabo. Ni kuwa ban san wanda ya san motocin nan kamar kai ba, shekara goma sha tara kana tuƙi a kamfanin nan.

Na san akwai abin da ke tsakaninmu. Ina roƙo ka ajiye shi gefe ka taimaka mini. Mako biyu aka ba ni.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Auta.

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Shekara biyu da wata huɗu rabon da in ga rubutunka. Na ƙarshen da na gani shi ne sa hannunka a ƙasan takardar sallamata. Da na ga ambulan jiya na ɗauka wani abu ne daban, ashe shawarar mota kake nema wurin ɓarawon mai. To, motocin ba su yi mini laifi ba, zan faɗa maka abin da na sani.

Kurege ba ta da ci. A kan kwalta, ba kaya, lita ɗaya tana kai ka kilomita goma sha biyu. Amma ka ɗora mata janareto da bututu ashirin ka shiga gargada, za ka ji bayanta yana kuka. Sifirin ɗin ƙafafunta sirara ne, sau biyu suna karye mini a daji. Bodinta kuwa da babban yatsa za ka lotsa shi. Motar mai kai burodi shaguna ce, ba ta masu haƙa ba.

Ɗan-Dako mummuna ce, kujerarta kamar benci, in ka wuni a ciki sai an taka maka baya. Tana yin kilomita tara zuwa goma, da kaya ko ba kaya, ba ta canza hali. Shekara bakwai na riƙe ɗaya, ban da birki da baƙin mai, kuloci kaɗai na taɓa canza mata. In ta tsaya maka a ƙauye, duk bakaniken da ya iya riƙe sifana zai tayar da ita, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Ƙofarta in ka rufe, za ka ji ƙarfe ne ya haɗu da ƙarfe.

Gimbiya kuwa, ai ka fi ni saninta, kai ka dage aka sayo ta. Kujerar fata, sanyi kamar ɗakin asibiti, ga allo a gaba mai magana. Dillali ya ce tana yin kilomita goma sha ɗaya. A hannuna ba ta taɓa wuce shida ba. Na faɗa maka tun watan farko. Na faɗa a wata na biyu. A wata na biyar kuka ce ba ita ke shan man ba, ni ke zuƙewa da tiyo.

Ku sayi Ɗan-Dako. In Manaja yana son sanyi, ya buɗe gilashi.

Ni yanzu ina wurin wankin mota a bayan kasuwa. Ba a ba ni makulli, masu motar ke matsar da abinsu da kansu, ni soso da bokiti ne nawa. Labari yana riga mutum isa wurin neman aiki.

Tambaya ɗaya: Gimbiya ko shekara uku ba ta cika ba. Me ya same ta da kuke neman sabuwa?

Yayanka.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayaninka ya fi duk takardun dillalan amfani. Na gyara shi kaɗan na miƙa, Manaja ya ce bai taɓa ganin rahoto mai ma'ana irinsa ba.

Maganar Gimbiya, ba wani abu ba ne. 'Yan matsaloli ne irin na mota, kuma kamfani ya ga ya fi dacewa a sayar da ita tun tana da daraja. Don Allah kada mu koma tonon abin da ya wuce.

Abin da ka faɗa na wurin wankin mota ya tsaya mini a rai. Idan sababbin motocin suka iso za a buƙaci direba mai hankali. Ina ganin zan iya yi wa Manaja magana, ya huce sosai yanzu. Ka yi tunani.

A gaishe da Maman yara.
Auta.

Zuwa ga abokina Direba,

Salamu alaikum. Ni ne Maigareji. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya saba da sifana ba biro ba. Ina gaida iyali.

Shekaran jiya ƙanenka ya zo gareji da rahotonsa, yana nuna mini yana murna. Ina karantawa na ji muryarka. Har maganar motar burodi bai cire ba. Na ce, "Wannan ai Yayanka ne." Ya yi dariya ya ce, "Jini ɗaya ne ai." Tun daga lokacin abinci ba ya yi mini daɗi, shi ya sa na ce gara in faɗa maka.

Wata uku bayan an sallame ka, wanda aka ba Gimbiya ya kawo mini ita. Mutum ne mai tsoro, ya ji abin da aka yi maka, kullum sai ya ɗauki hoton allon mai safe da yamma. Shi ma kilomita shida take ba shi. Na kwance ta. Nozul biyu, masu fesa mai cikin inji, suna zubar da mai fiye da ƙima, famfon mai kuma yana da tsaga siririya, sai inji ya yi zafi take buɗewa, man ya ɗiga a kan hanya. In mota ta huce a tsaye ba za ka ga ko ɗigo a ƙasa ba. Da ciwonta ta zo. Ba wanda ya saci komai.

Na rubuta wannan duka a takarda na ba ƙanenka hannu da hannu. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce, "Maigareji, garantin motar nan ya riga ya faɗi, don ban tura ta sabis wurin dillali a kan lokaci ba. In takardar nan ta hau sama, ni zan sauko." Na ce, "To Yayan naka fa?" Ya ce, "Zan gyara, ka ba ni lokaci." Na canza nozul da famfo, aka rubuta sabis ne na yau da kullum. Ta ɗan gyaru, yanzu kuma giyarta ta fara ba da matsala.

Ni ma ban fita daga laifi ba. Motocin kamfanin nan su ne rabin aikin garejina, sai na yi shiru. Sau biyu ina hango ka a bayan kasuwa da bokiti, in canza hanya. Ka yi da wasiƙar nan yadda ka ga dama. Ka yafe ni in za ka iya.

Naka, Maigareji.

Auta,

Salamu alaikum. Na sami wasiƙa daga Maigareji. Ba sai na faɗa maka abin da ke ciki ba, takardar da ya ba ka ta daɗe a aljihunka.

Da a ce ka yi kuskure ne ranar da kuka sallame ni, da na haɗiye. Kowa yana kuskure. Har cikin raina na riƙa ba ka uzuri, ina cewa lambobi aka ajiye maka a gaba, ba ka taɓa riƙe sitiyari a daji ba. Ashe wata uku kacal ka yi cikin rashin sani. Sauran shekara biyun da saninka ka yi su.

Bari in tuna maka ranar, ko ka manta. Manaja yana zaune, kai kana tsaye a gefen taga. Ya ce, "Ina kake kai man?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a gwada motar. A cika tanki, a sa wani ya bi ni." Ya juya ya dube ka. Ka ce, "Sabuwar mota ce, Oga, ba abin da za a gwada." Da yamma aka turo masu gadi biyu gidana neman jarkoki. Suka ɗaga katifa, suka buɗe randar ruwa, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Jarka ɗaya suka samu, ta kananzir ɗin Maman yara, suka tafi da ita.

Babbar 'yata ta daina zuwa makaranta mako uku, don a aji ana kiranta 'yar mai tiyo. Wannan ka sani, matarka ta ji.

Ga wanda ba ka sani ba. Bara, kwana huɗu kafin Inna ta rasu, ka fita sayo magani, na zauna ina yi mata fifita. Ta kama hannuna ta ce, "Babba, ka nemi gafarar Allah kan man mutanen nan. Ka mayar musu ko kaɗan-kaɗan ne. Ka sa ƙanenka cikin kunya a wurin aikinsa." Na ce, "Inna, wallahi ban ɗauka ba." Ta ce, "Auta ba zai yi maka ƙarya ba." Sai na ce mata to, zan mayar, don kada ta tafi da damuwa. Ka dawo da ledar magani, ka zauna a bakin gado kana ba ta da cokali. A lokacin shekara guda ke nan da ka san gaskiya.

Ba na son aikinku. Abu ɗaya nake so: takarda mai tambarin kamfani, da sa hannun Manaja, cewa motar ce ke da lahani, ban saci mai ba. Layi uku sun isa.

Yayanka.

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarka a ofis, na kulle ƙofa na daɗe ban fito ba. Ba zan musa komai ba. Abin da Maigareji ya faɗa haka yake. Maganar Inna kuwa ban san ta faɗa maka haka ba, wallahi ban sani ba.

Sau da yawa na hau bene da takardar nan zan shiga wurin Manaja, in tsaya a bakin ƙofa in juyo. Tun farko tsoro ne. Daga baya kuma sai kowane wata da ya wuce ya ƙara wa maganar nauyi, don tambayar farko da zai yi ita ce me ya sa ban faɗa ba tuntuni.

Yaya, ka duba halina. Yarana huɗu, gidan da muke ciki na kamfani ne. In na kai maganar nan yanzu, ba ni kaɗai zan tafi ba, har Maigareji za a karɓe wa aiki. An amince da Ɗan-Dako guda biyu kamar yadda ka ce, kuma ana maganar ƙara mini matsayi a ƙarshen shekara. In na tsaya da ƙafafuna, zan fi iya fitar da takardar ba tare da kowa ya faɗi ba. Ka ƙara mini lokaci kaɗan.

Kafin nan, na yi wa Manaja maganarka. Ya amince ka dawo ka riƙe ɗaya daga cikin sababbin. Ya ce a faɗa maka abin da ya wuce ya wuce, shi ya yafe maka. Na san kalmar za ta yi maka zafi, amma aiki ne, da albashi, da makulli a hannunka. Don Allah ka karɓa, ko don yara.

Ƙanenka mai neman afuwa,
Auta.

Auta,

Wa alaikumus salam. Ka gode wa Manaja, ka ce masa ya riƙe yafiyarsa, ban da inda zan ajiye ta.

Ranar Litinin na sa wasiƙar Maigareji a aljihu na zo har bakin ƙofar kamfaninku. Mai gadi sabo ne, bai san ni ba, ya ce wa nake nema. Ina tsaye sai ga matarka ta fito daga gidajen ma'aikata, da goyo, tana jan ɗanku na uku da hannu za ta kai shi makaranta. Yaron ya hango ni ya ƙwace ya rugo yana "Baffa! Baffa!" Na ɗaga shi, na gaisa da uwarsa, na ce hanya ce ta biyo da ni. Na koma gida.

Ba zan kai wa Manaja wasiƙar ba. Ba don kai ba ne, kada ka yi godiya.

Kada ka sake rubuto mini. In mun haɗu a sabgar dangi zan amsa gaisuwarka, don kada yara su tambaya. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Ka zauna lafiya.
Yayanka.