Rakiya za ta karatun ƙasan teku

Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Yaya Anti Hadiza da yara? Ƙafar taka ta yi sauƙi? Mu nan Gaya lafiya lau.

Saƙonka ya iso, cewa kada in bar ɗiyata Rakiya ta tafi Dakar karatun ƙasan teku. Yaya, ka yi haƙuri, za ta tafi.

Ranar Juma'a Baffa Idi, ƙanen marigayi babanta, ya zo da magana irin taka. Ya ce yarinyar da iyakarta bakin kogin Kwara, me ya haɗa ta da ƙasan teku? Rakiya ta durƙusa ta ba shi amsa. Ta ce da can nahiyarmu da Amurka ta Kudu a manne suke. Ƙasa ta tsage, narkakken dutse ya riƙa ɓullowa yana sandarewa yana tura su, ruwa ya cika tsakani. Tekun da ke bakin birnin Kwatano ke nan, kuma har yau faɗi yake ƙarawa. Wani tekun kuwa tsukewa yake, don ƙasarsa tana nutsewa ƙarƙashin wata ƙasar.

Baffa ya yi dariya, ya ce, "Karatun banza."

Na ce, "Baffa, ni an fidda ni lakwal, an raba ni da boko, na yi shiru. Ita ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ba zan sake yin shiru ba."

Ya tafi ko sallama babu. Na riga na ɗinka mata kayan tafiya. Ba izini nake roƙo ba, Yaya, albarkarka nake so.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Zali