Sunan Fir'auna da Nawa

Ikrama mijina, canko mini wannan: me ya fi dutse riƙe suna?

Kakarka Hindatu ce daga Jidda. Ya mai jego? Allah ya raya. Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai ta hana ni sauka daga bene tun azumi.

Na ga hotunanka na Masar, kana shafa duwatsun da aka sassaƙa sunayen Fir'aunoni. Sarakunan da suka ruɓe tuntuni ka haddace sunansu, amma ni da na goya ka, ka samu 'ya mace ka raɗa mata Rana! Halas, shi ke nan, zo ka sake ni.

Amsar kuwa takwara ce. Ita ake kira ta amsa bayan an binne mutum.